Hayaƙin 'Yar Jazira

Shafi na 19

Sallama gare ku, masu bin wannan labari. Na ga ƙorafin da aka yi cewa shafin jiya ya yi gajarta, to yau na ƙara muku. Wanda ya shigo yanzu, ga inda muke. Jidda ce, ƙarshen shekarar 1974. Attajiri Abdulghani ya ƙwallafa rai a kan 'Yar Jazira, ɗan tsibirin da ke gaban unguwar Ruwais, yana so ya rushe gidajen jikokin alhazan da ke kai ya gina ɗakunan shan iska na haya. Mazan tsibirin duk sun tafi aikin alhazai a Makka da Mina, sun bar mata da yara.

*

Mastura tana tsugune a gaban tanda, wainar farko ba ta ma tashi ba, sai ta ji muryar yayanta Bawa daga bakin ruwa.

"Jawazat! Jawazat na tafe! Yalla, ku tashi!"

A 'Yar Jazira wannan kalma ba ta buƙatar ƙarin bayani. Rabin matan tsibirin ba su da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, ko da yake da yawansu a nan aka yanke musu cibiya. Tun suna goye suka koyi abin da ake yi in an ji motsin masu duba takarda. A zuba wa murhu ruwa, a kwashe shanya, a ɗaure bakin awaki a tura su ɗaki, a datse ƙofa da kwaɗo ta waje. Sannan kowa ya faɗa huri, 'yan kwale-kwalen nan na masunta, a zagaya bayan tsibiri a lafe cikin itatuwan ruwa sai rana ta yi sanyi. Sun ƙware a kan abin har suna alfahari da shi. Kafin a ce me, unguwa guda ta koma kamar ba a taɓa haihuwa a cikinta ba.

Sau biyu suka yi haka tun da mazan suka tafi. Yau ga na uku.

Mastura ta ɗauki buta za ta juye wa wutar.

"Kada ki zuba."

Mahaifiyarta ce, Inna Barakatu, tana tsaye a ƙofar ɗaki ta dafa ƙyaure. Idanunta sun daɗe da rufewa, amma ta juyo fuskarta daidai inda murhun yake.

"Inna, Yaya Bawa ya ce..."

"Na ji shi. Ido na rasa, ba kunne ba. Ajiye butar ki kira min shi. Ki kira matan ma."

"Inna, babu lokaci."

"Mastura."

Ta ajiye butar.

Matan suka taru a tsakar gidan, kowacce da ƙunshi a ka da yaro a hannu. Ta ƙarshen shigowa ita ce Sharifa, maƙwabciyarsu, Bahaushiyar Sudan da aure ya kawo daga Bur Sudan. Duk tsibirin ba wadda ta kai ta baki, ba kuma wadda ta kai ta tsoro. Ta shigo tana jan akuya da igiya.

"Ya khala, lafiya? Yanzu ne lokacin wa'azi? Ni in aka kama ni jirgi za a sa ni, wa zai riƙe min 'ya'ya?"

Bawa ya shigo a bayanta yana haki.

"Me kuke jira? Sun kusa! Inna, zo in goya ki."

"Tsaya inda kake," in ji tsohuwar. Ta laluba ta zauna a kan turmi. "Wancan karon zazzaɓi ya kwantar da ni, kuka kasa ɗaukata. Kuka rufe ni a ɗaki kuka sa kwaɗo ta waje. Haka aka yi?"

"Haka aka yi, Inna," in ji Mastura.

"To sun zo. A jikin bangon nan suka tsaya, ina jin takunsu. Ba su buga ƙofa ko ɗaya ba. A cikinku akwai wadda ta taɓa ganin jawazat da ba sa buga ƙofa?"

"Bugawa?" in ji Sharifa. "Ai ɓalle ta suke yi."

"Sai na ji muryar Abdulghani. Ya ce, 'Ka gani da idonka, ya Ustaz. Ba wuta, ba shanya, ba kukan yaro. Kango ne, masunta ke ajiye koma a ciki.' Wanda ya kira Ustaz ɗin ya ce, 'Amma ga kashin awaki ɗanye.' Sai wata murya ta amsa masa. Ta ce, 'Daga Ruwais ake kawo su kiwo, ya Ustaz. Ni ɗan nan ne. Mutanen sun tashi tun bara.'"

 

"Muryar wa ce, Inna?" Mastura ta tambaya, ko da yake ƙirjinta ya riga ya ba ta amsa.

"Muryar da ni na koya wa magana."

Duk idanu suka koma kan Bawa.

"Zazzaɓi ne," ya ce. "Inna, zazzaɓi ne ya sa kika ji..."

"Na so ya zama zazzaɓi. Kullum ina jira ka zo da ƙafarka ka faɗa min. Sai ga shi yau ka dawo da ihu ɗaya da na wancan karon. Bawa, ka ce min ƙarya nake yi. Faɗa a gaban matan nan."

 Bawa ya durƙusa a ƙasa.

Mastura ta matso ta tsaya a kansa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Yaya, su wa ke zuwa?"

"Lajna ce," ya ce, kansa a sunkuye. "Kwamitin da alƙali ya aiko. Abdulghani ya kai magana cewa tsibirin mataccen fili ne, ba mai shi, ba kowa a kai. Shari'a kuwa ta ce wanda ya raya mataccen fili nasa ne. Alƙali ya ce a zo a duba. Yau ne zuwan ƙarshe kafin a rufe ma'aikatu saboda Hajji. In suka tarar ba kowa, halas. Kafin mazanku su sauko daga Mina an ba shi."

"Kai kuma aikinka ka kore mu."

"Shi ne kafilina, Mastura, shi ya tsaya min a wajen hukuma! Iƙamata tana aljihunsa. Ya ce in ban yi ba zai kai ni da kansa a sa ni jirgi. Ina zan je? Ni ko hanyar Kano ban sani ba."

"La'ananne!" Sharifa ta yi kansa da igiyar akuya. "Ka sa na kwanta cikin laka sauro ya cinye ni, ashe kai..."

Mastura ta riƙe mata hannu.

"Bar shi, Sharifa. Shi ihu kawai ya yi." Ta dubi murhun, ta dubi butar da ke gefensa. "Wa ya zuba wa wuta ruwa? Wa ya kwashe shanya? Wa ya sa kwaɗo? Abdulghani bai taɓa ko tsinke a nan ba. Mu muka gyara masa kangon da hannunmu, sau biyu, har muna yaba kanmu mun iya ɓuya."



"To yanzu fa?" wata ta tambaya daga baya.

"Yanzu zama za mu yi."

"Zama?" Sharifa ta dafe ƙirji. "In suka gan mu suka ce mu kawo iƙama fa? Bawa, kai da ka san su, za su tambaya?"

"Ban san Ustaz ɗin ba," in ji Bawa. "Amma Abdulghani zai ce a tambaya. Wannan kam na rantse."

 Mastura ita ma sunanta a cikin takardar mijinta Garba yake, Garba kuwa yana Mina da ita a aljihu. In aka tambaye ta yau, hannu biyu za ta nuna.

Ta ja numfashi.

"Ba zan ruɗe ku ba. Za a iya tambaya. Wadda zuciyarta ba ta ba ta ba, ga huri can, ta tafi, wallahi ba mai ganin laifinta. Abu ɗaya nake roƙo. Ki bar ƙofarki a buɗe, ki bar wutarki tana ci, mu za mu kula da ita. Ni dai a gidan nan aka haife ni, Baba ne ya ɗora duwatsunsa ɗaya bayan ɗaya. In za a fitar da ni, a same ni a ciki."

Mata biyu masu jego suka tashi suna kuka suka nufi bakin ruwa. Mastura ta raka su da addu'a. Sharifa ta tsaya tana juya igiyar a hannu, ta dubi wannan ta dubi waccan, sannan ta ce, "Ku yafe ni, ni ba jaruma ba ce," ta bi bayansu da akuyarta.

Sauran suka sauke ƙunshinsu.

Abin da ya biyo baya, tsofaffin 'Yar Jazira sun daɗe suna ba da labarinsa. Duk abin da suka saba yi, yau suka juya shi. Aka cire kwaɗo daga kowace ƙofa aka bar ta a wangale. Aka hura kowane murhu, aka tula masa ɗanyen itace don hayaƙi ya yi kauri. Wadda ba ta da wanki ta buɗe akwati ta fito da wankakkun kaya ta tsoma a ruwa ta shanya. Aka kwance bakin awaki, suka fantsama cikin lunguna suna rama kukan da aka hana su. Masu daka suka jawo turame waje, ko ba hatsi a ciki.

Yara ne suka fi ba da wahala. Mastura ta tara su ta ce, "Yau ku yi ihu yadda kuke so."

Suka tsaya suna kallonta. Tun da aka haife su, in baƙo zai zo tafin hannu ake ɗora musu a baki.

"Da gaske, Iya Mastura?"

"Da gaske. Wanda ya fi kowa ƙara, waina biyu."

Ba ta sake maimaitawa ba.

Tana komawa kan tandarta sai ta ji ana faɗa a gidan da ke kusa.

"Wace marar hankali ce ta cika min murhu da itace haka? Za ku ƙona min rumfa!"

Mastura ta leƙa ta saman katanga. Sharifa ce, zaninta jiƙe har gwiwa, tana zare itace daga wuta.

"Ba kin tafi ba?"

"Na shiga hurin, akuyar nan ta ƙi shiga. Zan bar muku ita ku yanka?" Ta share ido da gefen mayafi. "Kada ki dube ni haka. Miƙo min ƙullu."

Rana ta ɗaga sosai lokacin da suka ji ƙarar injin jirgi daga wajen Ruwais. Matan suka dubi juna. Ƙafar kowacce ta san hanyar bayan tsibiri, amma ba wadda ta motsa.

"A fitar da ni," in ji Inna Barakatu. Aka ɗauko turminta aka ajiye a bakin ruwa, kusa da turakun nan masu jan ƙyalle da ma'aikatan Abdulghani suka kakkafa wancan zuwan. Ta zauna ta gyara lulluɓi.

Tun jirgin bai iso ba suka hango Abdulghani a tsaye a goshinsa, ya yi wa idonsa inuwa da hannu. Hayaƙi ya tashi daga kowane gida ya haɗu a sama kamar hadari. Ga shanya tana kaɗawa, ga lugude, ga ihun yara.

Wani dattijo siriri mai tabarau ya fara sauka, wani ma'aikaci yana biye da shi. Shi ne Ustaz Saleh, shugaban kwamitin. Ya tsaya ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Ya Abdulghani," ya ce a hankali, "kangon naka ya haihu."

"Makirci ne!" Abdulghani ya diro har ruwa ya jiƙa masa riga. "Jiya aka kwaso su daga Ruwais! Haya aka ɗauko su, ya Ustaz!"

"Har da awakin?" in ji Sharifa daga bayan mata. Aka ƙyalƙyale da dariya, wasu da hawaye a ido.

Ustaz Saleh ya ɗaga hannu. "Wa zai yi magana da yawunku?"

Mastura ta fito. Larabcin da ya fito daga bakinta na Jidda ne tsantsa, irin wanda shi kansa ya tashi yana ji.

"Ni ce, ya ammi. Mastura 'yar Usuman. Ga gidanmu can mai shuɗiyar ƙofa."

"Na zo nan sau biyu, 'yata. Kuna ina?"

"Muna bayan tsibiri, cikin ruwa."

"Kuna me?"

"Muna ɓuyar maka."

"Ni? Me na yi muku?"

"An ce mana jawazat ne."

Abdulghani ya tafa hannu. "Ka ji da kunnenka! Mai gaskiya yana gudun jawazat? Ba su da iƙama, ya Ustaz! Tambaye su! Ɗaya bayan ɗaya, su fito da ita yanzu!"

Luguden ya tsaya. Ihun yaran ma ya mutu, don sun ga fuskokin iyayensu. Mastura ta ji hannun Sharifa ya damƙi bayan rigarta.

 Ustaz Saleh ya bi matan da kallo.

"Ɗana."

Ya juya. Inna Barakatu ce daga kan turminta.

"Kada ka wahalar da kanka, fara da ni. Ba ni da ita, ban taɓa yi ba. A bayan uwata na baro ƙasar Hausa, na iso nan da ƙafata ina budurwa. Lokacin ba a tambayar mai zuwa Ɗakin Allah takarda. Mijina yana kwance can bayan masallaci, 'ya'yana uku suna gefensa. In ɗaukata za ka yi, ga ni, ba ni da nauyi. Amma ka fara gaya wa alƙali a gidana ka same ni."

Dattijon ya daɗe yana kallonta. Sannan ya taka ya je gabanta ya rusuna.

"Ya khala, alƙali da tambaya ɗaya ya aiko ni: akwai mutane, ko babu. Tambayar iƙama tana da masu ita, kuma ba ni ba ne."

Ya miƙe ya nemo Bawa da ido, ya same shi a raɓe a jikin bango.

"Kai. Kai ne ka ce min sun tashi tun bara."

Bawa ya dubi Abdulghani. Abdulghani ya dafa aljihunsa, yana kallonsa ido cikin ido. Bawa ya dubi uwarsa.

"Ƙarya na yi, ya Ustaz," ya ce. "Ba wanda ya tashi. Wannan uwata ce."

Ustaz Saleh ya gyaɗa kai. Bai tsaya nan ba, sai da ya bi lungunan da ƙafarsa, mata da yara da awaki suna biye da shi. Ya leƙa ɗakuna, ya shafa baƙin hayaƙin da ya kama bangon madafi shekara da shekaru, ya tsaya a maƙabarta ya ɗaga hannu ya yi wa mamata addu'a. A ƙofar Mastura aka miƙa masa waina mai zafi. Ya ce shi a bakin aiki ba ya karɓar komai. Ma'aikacin da ke biye da shi kuwa ya riga ya cika baki da ta biyu.

Da suka dawo bakin ruwa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Na gani. Tsibirin nan a raye yake, yana da mutanensa, haka zan gaya wa alƙali. Ba mai ba da shi a matsayin mataccen fili. Waɗannan turakun kuma a tumɓuke su."

Guɗar Sharifa ce ta fara tashi, doguwa, har masunta a Ruwais suka ɗago kai. Sauran suka karɓa. Masu jegon da suka tafi suka zagayo da hurinsu suna tambayar me ya faru. Mata suka yi kan turakun, kowacce ta finciko ɗaya. Sharifa ta rungumi guda uku ta nufi murhunta.

"Busasshen itace, kyauta! Allah ya saka da alheri, ya Abdulghani!"

Mastura ta durƙusa ta kifa kanta a cinyar uwarta. Tsohuwar tana shafa mata kai tana cewa, "Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi."

Inuwa ta faɗo a kansu. Mastura ta ɗago.

Abdulghani ne. Fushin ya bar fuskarsa, har da ɗan murmushi. Ya rage murya yadda guɗar za ta rufe ta.

"Mabruk, 'yar Usuman. Kin ci tsibiri. Amma ki fara ɗaure kayanki."

Ya zaro wani abu daga aljihu ya kaɗa a gaban idonta. Makulli ne, tsoho, da jan zare a wuyansa. Ta san zaren. Mahaifinta ne ya ɗaura shi da hannunsa.

"Gida ɗaya a nan nawa ne. Saye na yi, a gaban shaidu. Tambayi yayanki mai wace irin ƙofa ne."

Ya juya ya tafi.

Mastura ta miƙe tana neman Bawa a cikin taron. Ba ya jikin bango. Ba ya cikin mutane. Yana can zaune a jirgin Abdulghani, ya ba tsibirin baya.

Inna Barakatu ta lalubo gefen zaninta ta ja.

"Mastura, me ya ce miki? Me ya sa kika yi shiru?"